Watandar da Ba a Yanka

Idirisu ɗan kawuna ne, ni kuma 'yar goggonsa, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba zai kai ni ƙara ba, abokin wasana ne. Yana ƙarami iyayensa suka rasu, mahaifiyata, wadda kowa ke kira Goggo Iyatu, ni kuma nake kira Inna, ta ɗauko shi ta haɗa mu a ƙwarya ɗaya a rugarmu da ke bayan Buji. Da lokacin makarantar gaba ya yi, karsanar da aka ba shi ranar suna ita ta fara tafiya kasuwa, daga baya wasu daga cikin shanun Inna suka bi sawunta. Karatun ya karɓe shi. Ya yi aiki a sakatariya lokacin da aka ƙirƙiro jiha, daga nan Kamfanin Gawo masu matse man gyaɗa suka ɗauke shi manajan masana'antarsu da ke hanyar Kiyawa. Ya yi mota, ya yi gida a Takur layi ɗaya da nawa, ya kuma ajiye tumbin da ba a taɓa gani a zuriyarmu ba.

A danginmu akwai abu guda da ba a wasa da shi, wato watandar Inna. Kowace jajiberen ƙaramar Salla takan ware sa daga garkenta, kowane gida na dangi ya aiko da kuɗin kasonsa, a yanka, a tsiba naman a kan zana. Kowane gida yana da alamarsa: wani tsakuwa, wani maɓalli, wani ƙwallon dabino. A zuba alamun a ƙwarya, ni in rufe ido in riƙa ɗauka ina jefawa kan tsibi, inda taka ta faɗa nan ne rabonka. Alamar Idirisu guntuwar igiya ce, wadda Inna ta yanke daga wuyan karsanarsa ranar da aka sayar da ita, kuma a wurinta take zama. Naman ba wani yawa ne da shi ba. Amma wanda alamarsa ta shiga ƙwarya ɗan dangi ne, wanda aka cire tasa kuwa an gama da shi. Sau ɗaya aka taɓa cire ta wani, wani baffanmu da ya haɗe burtali da gonarsa, kuma har ya koma ga Allah ba a mayar ba.

To, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, injin kamfanin su Idirisu ya tsufa ya fara tari. Gawo ba ƙaramin kamfani ba ne. Hedkwatarsa tana Kano, sunansa yana cikin kasuwar hannun jari, ma'ana duk mai so zai iya zuwa wurin dillalan kasuwar ya sayi ɗan yanki nasa ko ya sayar. Sai dai sabon inji sai da sabon kuɗi. Banki ya ce zai bayar, amma da ruwa. Shugaban kamfanin, Alhaji Abdulwahab, wanda a shekarar ce ya bar gemu, ya ce shi da kuɗin ruwa haihata-haihata. Aka ce to a buga a jarida da rediyo, a sayar wa jama'a sababbin hannayen jari. Lauyansu, Barista Saifuddeen, ya jero musu watanni da takardu da kuɗin tallar da hakan zai ci, suka ga kafin a gama gyaɗar bana ta yi ƙwari a sito.

Sai aka koma hanya ta uku. A zaɓi mutane 'yan kaɗan masu hannu da shuni, a iske kowanne har gida, a sayar musu da sababbin hannayen a keɓe da ɗan rangwame, bisa sharaɗin ba za su sayar ba sai an ɗau lokaci. Masu tsofaffin hannaye suka yi taro suka amince. Sharaɗin da Barista ya fi nanatawa shi ne na baki: ba talla, ba shela. In maganar ta fita har ta zama kamar an gayyaci jama'a, masu sa ido kan kasuwar za su iya rushe cinikin gaba ɗaya. Mutanen Dutse da aka zaɓa kuwa aka ɗora wa Idirisu zuwa wurinsu, saboda wai shi ya san harshen mutanensa.

Ya fara da Alhaji Isah, babban ɗan kasuwar hatsi da katangata ke jingine da tasa. Azumi ya kama, rana ta take, Idirisu ya zauna a zaure ya yi ta zuba bayani, rabi Hausa rabi Turanci, Alhaji yana gyangyaɗi da carbi a hannu. Da Idirisu ya ga zai rasa shi, sai ya matso ya rage murya.

"Alhaji, in gajarce maka, watanda ce. Sa ne babba, mutum kaɗan aka zaɓa, kowa da kasonsa. Amma fa sirri ne."

Nan take barcin Alhaji ya watse. Ya ce ai da tun farko haka ya faɗa, da ba a wahalar da mai azumi ba. Idirisu ya fito yana jin kansa gwanin fassara, ya kuma ɗauki kalmar ya kai wa sauran waɗanda ya ziyarta, kowa da irin wannan raɗar.

Shi dai ya manta cewa a Dutse in kana so magana ta yi gudu, ce mata sirri. Ni kafin la'asar na ji, ta kan katanga, daga bakin uwargidan Alhaji Isah, ita ma da sharaɗin kada in faɗa wa kowa. Kafin mako ya zagayo, 'yan acaɓa sun gama auna san. Wasu suka ce daga Chadi aka kawo shi a tirela, wasu suka ce ƙahonsa kaɗai sai da aka ɗaure da igiya biyu. Mutane suka fara tsayawa a ƙofar masana'anta da robobi da buhunan leda. Wani mahauci ya taso daga Kiyawa da wuƙaƙensa a cikin fata, ya ce in ba a riga an ba wani fiɗa ba, shi ba ya cin amana. Wani dattijo ya ce shi nama bai dame shi ba, a ajiye masa fatar kawai, buzunsa ya mutu.

Barista Saifuddeen ya zo daga Kano cikin kwat, gumi yana bin wuyansa. Ya tsaya ta taga yana kallon robobin, ya tambayi maigadi me mutanen ke nema.

"Nama, ranka ya daɗe."

"Ba wanda ya ce hannun jari?"

"Akwai wanda ya ce kai da ƙafa. Ban ji mai cewa hannu ba."

Barista ya zauna, ya sassauta ɗamarar wuyansa, ya daɗe yana tunani. Daga ƙarshe ya ce muddin nama suke nema, ba a karya doka ba. Amma ya ja wa Idirisu kunne cewa daga yau ba zai ƙara buɗe baki ga kowa ba sai wanda shugaba ya ambata da kansa. Aka sa maigadi ya riƙa cewa babu sa babu saniya. Jama'a suka watse suna cewa dama sun sani, manya sun raba a tsakaninsu.

Da a nan ta tsaya, da dariya kawai za mu sha. Amma magana zarar bunu ce. Mata masu kai nono kasuwa suka ɗauke ta suka sauke a Buji.

Ranar Asabar na je gaida Inna, na same ta tana gyara ƙore a ƙofar ɗaki. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi makarantar da nake koyarwa, sannan ba tare da ta ɗago ba ta ce:

"An ce Manaja yana watanda."

Tun da nake ban taɓa jin ta kira shi da wani suna ba sai Idi.

"Inna, ba watandar nama ba ce. Harkar kamfani ce, takarda ce kawai."

"Takarda ko nama, ya kira wasu?"

"Ya kira."

"Ya kira ni?"

Ta kife ƙwaryar da ke hannunta, ta ɗauki wata.

"To ki gaya masa bana kada ya wahalar da kansa aiko kuɗin kaso. San nawa ƙarami ne, mutum kaɗan na zaɓa."

Ba zan ɓoye ba, a hanyar komawa har ina shirya yadda zan yi masa tsiya. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Na shiga ofishinsa ina rangaji, na isar da saƙon kalma-kalma da muryar Inna. Amma da na ga fuskarsa sai tsiyar ta maƙale. Mutumin nan mai tumbi da mota ya koma yaron da aka kawo mana da ƙunshin kayansa a ɗankwali, tausayinsa ya kama ni.

"Juwairiyya, kin san nawa ne kaso mafi ƙanƙanta a wannan abin? Sai ta sayar da garken nan kaf. Kuma inji ne, yana iya yin kyau, yana iya cin kuɗin ya yi shiru. Na riga na ci shanunta sau ɗaya. Ba zan ci na biyu ba."

"To ka gaya mata haka."

"In ce mata ba ta da hali? Goggo?"

Gaskiyarsa. Wanda ya ce wa Inna ba ta da hali gara ya zage ta.

"To je ka gayyace ta, kamar yadda ka gayyaci su Alhaji Isah."

"In ta ce tana so fa? Kin san ta. Don ta nuna mini ta isa, sai ta kora su kasuwa har da maruƙa."

Gaba kura, baya sayaki. In bai kira ta ba, igiyarsa ta fita daga ƙwarya. In ya kira ta, garke yana iya tafiya. Ga shi ba shi da ikon kiran ma sai da izinin shugaba. Ya yi kwanaki yana juya abin, matarsa Afra'u ta ce mini ko kunun buɗa-baki ba ya gamawa. Daga ƙarshe ya shiga mota ya tafi Kano.

Shi ya ba ni labarin yadda suka yi. Alhaji Abdulwahab ya saurare shi yana shafa sabon gemunsa, ya tambaya ko tsohuwar tana da hali. Idirisu ya ce tana da shanu. Alhaji ya ce ai mai shanu ya fi mai takarda. Barista ne ya kawo cikas, ya ce irin wannan cinikin ana yin sa da waɗanda suka san mene ne asara, ba a jawo wanda bai san hatsarin ba.

"Barista," in ji Idirisu, "shekarar annobar bushiya rabin garkenta ya kwanta a gabanta. Da gari ya waye ta ɗauki ƙwarya ta tatsi sauran."

Barista ya ce a ƙara sunanta.

Ranar jajibere da hantsi aka kayar da san Inna. Ni tun a daren jiya nake can da yarana. Maza suna ta sara suna tsibawa a kan zana a ƙarƙashin tsamiya, mata suna wanke kayan ciki, Inna tana zaune kan tabarma, ƙwaryar alamu a gefenta rufe da faifai. Sai ga motar Idirisu tana tangaɗi a kan burtali. Ya fito da babbar riga, irin wadda ya sa zuwa gidajen manya, ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa. Wuƙaƙe suka rage sauri, kowa ya kasa kunne yana yi kamar bai kasa ba.

"Goggo, ina kwana. Ya ibada?"

"Lafiya lau, Manaja. An zo lafiya?"

"Lafiya. Goggo, zuwa na yi in gayyace ki. Kamfaninmu yana sayar da kaso ga mutane kaɗan, kuma akwai gurbinki in kina so."

"To. Yi mini bayani irin wanda ka yi wa masu kuɗi, kada ka rage komai."

Ya yi. Ya faɗi injin, ya faɗi bankin da aka ƙi, ya faɗi rangwamen, ya faɗi cewa wanda ya shiga ba zai fita da wuri ba, ya faɗi kuɗin kaso. A kan asara ya fi daɗewa, ya juya ta gaba ya juya ta baya har sai da na ji kamar kamfanin gobe zai rushe. Inna tana ji tana gyaɗa kai. Da ya gama sai ta waiwaya wajen maza ta kira Ɗan'inna, dillalin shanu ne kuma surukin gidanmu, ya zo karɓar kasonsa.

"Malam Ɗan'inna, taimaka ka zagaya garken nan, ka gaya mini ko zai kai abin da Manaja ya faɗa."

Ɗan'inna ya goge hannu ya nufi garke. Idirisu ya bi shi da ido, ga azumi ga tashin hankali. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Goggo, don girman Allah kada ki sayar."

"Gayyata ka zo yi ko hani?"

"Gayyata."

"To yi shiru."

Ɗan'inna ba mai gaggawa ba ne. Ya taɓa wannan, ya buɗe bakin waccan, ya tsaya ya kalli wata kamar zai aure ta. Ya dawo ya tsuguna ya ce zai kai, in an haɗa da maruƙa. Wurin ya yi tsit, har ƙudan da ke kan zana ana jin su. Ni kaina tsoro ya kama ni, don na san Inna, in ta ce e ko Sarkin Fulani bai isa ya juya ta ba.

"Manaja, wannan san naku, yaushe ake yanka shi?"

"Ba a yankawa, Goggo. Sai dai a tatsa shekara-shekara, in an samu."

"Sa ake tatsa?"

"To... saniya ce."

"Ashe kiwo ne ba watanda ba. Wa ke kiwon?"

"Mu ne."

Ta dube shi tun daga hula har tumbi.

"Kai da ka bar maruƙa suka shanye mini nono kana barci a gindin kuka?"

Wani daga cikin maza ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Inna ta gyara zama, ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya kamar mai shirin ɗaura aure.

"Na ji gayyatarka, na kuma gode. Allah ya sa albarka a injinku. Amma ba na so."

A hankali ta faɗe shi, tana jin daɗin kowace kalma. Idirisu ya sauke numfashin da ya riƙe tun daga Dutse, ya zauna daɓas a ƙasa da babbar rigarsa.

"Abin da nake so in faɗa ke nan tun farkon azumi, ka hana ni," in ji ta. "Ko wanda ba shi da akuya ana kiransa watanda. Shi zai ce ba shi da hali bana, ba kai za ka faɗa masa ba. Ka yanke mini hukunci kana zaune a ofis, ka bar ni ina ji a bakin masu tallar nono. Abin ya yi mini ciwo, Idi."

Ya sunkuyar da kai.

"Na yi kuskure, Goggo. Tsoro na ji kada in sake cin shanunki."

"Wa ya ce ka ci? Ni na sayar, kuma ban tambaye ka ba. Tashi ka tuɓe wannan rigar ka kama musu, rana tana yi."

Ya tuɓe, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya shiga cikin maza. Sai dai ya makara, an riga an gama tsibi, abin da ya samu kawai korar ƙuda. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali shi bai aiko kuɗi ba, kuma ya ga an tsiba tun kafin ya iso, don haka bana dai ya haƙura, badi ma rana ce. Na ce masa dama masu hannun jari ba sa cin nama, takarda suke tauna.

Inna ta miƙo mini ƙwaryar. Tun bayan sallar asuba na ga ta rufe ta da faifan nan, kuma ba wanda ya taɓa ta, ita ma ba ta ɗaga ba ko da motar ta iso. Na tsaya a bakin zana, na rufe ido, na cire faifan na fara. Tsakuwa ta tafi, maɓalli ya bi, ƙwallon dabino ya faɗa kan tsibin da ke da hanta, mai shi ya yi kabbara. Na sake zura hannu, sai yatsuna suka taɓa wani abu mai kaushi a ƙasan ƙwaryar, ya naɗe kamar yadda na san shi shekara da shekaru.

Na karya doka na buɗe ido na dubi Inna. Ita kuwa ta juya tana kallon garkenta, kamar akwai abin da Ɗan'inna ya manta bai duba ba.

Tunda idon ya riga ya buɗu, na nemi tsibin da ya fi kowanne ƙashi na jefa masa. Idirisu ya zo ya tsuguna a gabansa. Ko kallon naman bai yi ba, igiyar ya ɗauka.